Garwashi a Ƙarƙashin Gawayi

Daren Laraba karyar Baba ta haihu
a bayan rumbu, kan tsohon buhun tafarnuwa.
Na haska fitilar waya, na ƙirga biyar:
huɗu baƙaƙe wuluk kamar gindin tukunya,
ta biyar ja,
ja kamar marmarar da ake sara a hanyar Achida.

Baba ya tsuguna, ya daɗe bai ce uffan ba.
Uwar baƙa ce, Tsakar-dare muke kiranta.
Uban ma baƙi, Gawayi, shi ya zaɓo shi da kansa,
ya tsare su kwana tara a zagaye ɗaya.
Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa:
"Wanga aikin karen Arzika na.
Shi ɗai ad da jan kare duk unguwag ga.
Ta danga yas shigo, ɓarawon banza."

Da safe gaisuwa ta mutu tsakanin gida biyu.
Shekara talatin suna korar zomo a fadamar Wurno,
yau kowa da hanyarsa ta zuwa masallaci.

Shekarata uku a Sakkwato
ina koyon likitancin dabbobi,
ban taɓa buɗe littafi gaban Baba ba,
kuma yau ma ban buɗe ba.
Na ɗebo gawayi biyu a murhun Inna,
na tsinto jar tsakuwa biyu a bakin rijiya,
na sa masa baƙi da ja a kowane tafi.

Na ce, dama uwa, hagu uba. Damƙe.
Ya damƙe don kada ya kunyata ni.
Ya buɗe, tafin ya yi baƙi ƙirin.
Ina jan, Baba?
"Yana nan mana. Gawayi yar ruhe shi."

To haka ƙwayar gado take, in ji ni.
Biyu kowane kare ke riƙe da su,
ɗaya tak yake miƙa wa kwikwiyo,
ba ya zaɓe, ba a tambayarsa.
Baƙi ya gamu da baƙi, ka ga baƙi.
Baƙi ya gamu da ja, baƙin dai za ka gani,
jan ya lafe a ciki yana jiran shekaru.
Ranar da ja ya gamu da ja
babu mai rufe shi.
Kusan ɗaya cikin huɗu, amma ba alkawari ba ne.
Ban ce danga ba ta da kafa ba, Baba,
na dai ce ja ba shaida ba ne.

"To baƙi ina yas samo ja?"

Na ce, wa ta haifi uwar Tsakar-dare?

Nan magana ta tsaya masa a wuya.
Ban tarar da ita ba, a bakinsa na san ta:
Garwashi, jar karya mai tsagaggen kunne,
wadda ta shiga tsakaninsa da kububuwa
shekarar da gulbi ya cinye shinkafa.
Shi ya haƙa mata rami, ya hana yara kallo.
Gawayi fa? Ya ƙirga da baƙaƙen yatsunsa,
daga Goronyo, daga gidan Mainasara,
daga kwikwiyon da shi kansa ya bayar kyauta.
Hanya biyu, gida ɗaya.

Ya koma bayan rumbu ba tare da ni ba.
Na leƙa. Ya ɗauke ta a tafi guda,
idonta bai buɗe ba, tana neman nono a yatsansa,
ya bar mata zanen baƙi a gadon baya.
Ya shafa kunnen, lafiyayye, babu tsaga.

Gawayin ya mayar wa Inna.
Tsakuwar biyu na ji ƙararsu a aljihunsa.

Bayan la'asar ya tsaya jikin danga,
ya yi gyaran murya sau biyu, sau uku.
"Arzika!
Bar hushi, taho ka ga wadda tak komo."